Wasan Da Na Fara Daga Ƙarshe

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata sakandare mai zaman kanta a nan Jos, na kamu da ciwon da ke kama matasan marubuta da yawa. Gani nake duk wanda ya rubuta wasan kwaikwayo kafin ni bai san abin da yake yi ba. A ja labule, a gabatar da mutane, rigima ta taso, wani dattijo ya fito ya yi nasiha, a sasanta, a tafa, kowa ya kama gabansa. Wannan tsarin ya ishe ni. Na ɗan karanta labarin masu gwada wasu hanyoyi na daban, masu fara labari daga ƙarshe, da masu cire dandamali gaba ɗaya su zuba 'yan wasa cikin 'yan kallo, shi ke nan kaina ya kumbura. Har gemu na tara a lokacin don in yi kama da masu zurfin tunani. Mahaifiyata ta ce idan ta ƙirga gashin ba zai cika yatsun hannunta ba.

Muna da 'yar ƙungiyar wasa, mu goma sha biyu, Musulmi da Kirista, akwai malaman makaranta, akwai teloli, akwai mai gyaran waya. Wanda muke jan ta tare abokina ne tun firamare, Ibo ne haifaffen Jos, yana da shagon kayan gyaran babur. Ya fi ni iya wasa, ya kuma fi ni hankali, amma tunda ni ke riƙe da biro, ni ke da maganar ƙarshe.

Wasan da na rubuta a kan jita-jita ne. Labarin ba shi da wuya. Wani sa ne ya ƙwace daga hannun mahauta, suka bi shi da igiya da wuƙaƙensu, wani ya hango mutane da wuƙaƙe suna gudu ya arce, wani ya ga ya arce shi ma ya bi. Kafin maganar ta tsallake unguwa uku ta zama faɗa, har an fasa wa wani bawan Allah kai. Da na bar shi haka da an kalla an yi dariya an watse. Sai na ce a'a, juya shi zan yi. Fitowa biyar ce, za a fara da ta ƙarshe, wato gudun, a riƙa komawa baya har a iso kan san nan da ya ƙwace. Babu dandamali, babu labule, babu mai gabatarwa. 'Yan wasa za su zauna cikin jama'a da kayan gida. So nake mutane su fara jin tsoron a jikinsu, sannan a hankali su ga abin da ya haifar da shi, su ji kunyar kansu.

Ana saura kwana biyu, bayan mun gama gwaji, abokina ya ja ni gefe.

"Oga marubuci," ya ce. Haka yake kirana idan zai faɗa min abin da ba na son ji. "Abin nan ya yi kyau a takarda. Amma fa Jos ce. Mu sa mutum ɗaya a bakin ƙofa ya riƙa gaya wa masu shiga cewa wasan daga cikinsu zai fara."

"Idan aka faɗa ai an kashe wasan," na ce.

"To gara a kashe wasan."

Na yi masa dogon bayani, na ce mutanen da suka sayi tikiti sun san wasa suka zo kallo, ba yara ba ne. Na ce matsalarmu ke nan a ƙasar nan, komai sai an tauna mana. Ya tsaya yana kallona har na gama, sannan ya ce, "Kai ba ka taɓa kwana a bariki da wando ɗaya ba." Ya san abin da yake faɗa, don a wani rikici da aka yi muna yara shi da iyayensa sun yi sati guda suna gudun hijira a barikin. Na ji maganar, amma na ɗauke ta a matsayin tsoro, na ce masa kada ya damu.

Ɗakin taron da muka ara yana kusa da unguwar Congo-Russia, a bakin wani titi da ɓangare ɗaya yawanci Musulmi ne, ɗayan kuma Kirista. Da gangan na zaɓe shi, ina alfahari da hakan. Na sa aka jera bencuna a karkace, wasu suna kallon nan wasu can, don kada a ce ga gaba ga baya. Ban bar hanya a tsakiya ba. Ƙofa biyu ce a ɗakin, na sa aka rufe ta gefe aka tokare ta da tebur, wai haske yana ɓata min tsari. Duk waɗannan ni na yi su da kaina, ba wanda ya sa ni.

Ranar Asabar ce bayan la'asar, an yi ruwa da rana an ɗauke, gari ya yi sanyi. Mutane suka cika ɗakin fiye da yadda na zata. Abin da ya fi faranta min rai shi ne mahaifiyata ta zo. Umma ba ta taɓa kallon wasana ba, a wurinta duk wasan yara ne. Ga shi tana fama da ciwon gwiwa, da sanda take tafiya. Ƙawarta ce ta matsa mata, wata mata Ibo da muke kira Mama. Shekara talatin suna tare, Umma tana ɗinki, Mama tana sayar da zare da maɓalli da zif a shagon da ke jikin nata. Ko da Mama ta tashi ta koma Tudun Wada, ba a yin sati ba ta leƙo gidanmu ba. Umma tana ce mata Madam, ita tana ce wa Umma Hajiya. A keke-napep ɗaya suka zo, Mama ta riƙe hannun Umma ta hawo da ita matakala uku na ƙofar.

"Ɗana, ka ba mu wuri mai kyau," in ji Mama. "Mamanka ba ya gani sosai, amma ba ya yarda."

Na kai su tsakiyar ɗakin, inda komai zai faru a kusa da su. Wuri ne mafi nisa da ƙofa.

Na koma jikin bango na tsaya. Mutane suna hira, wasu suna ɓare gyaɗa, wasu suna waige-waige suna tambayar ina dandamalin. Na ji daɗi ƙwarai. Na cire hulata, alamar da muka yi ke nan da wadda za ta buɗe wasan, wata malama da muke koyarwa tare, tana laɓe a waje tana kallona ta taga.

Ta shigo a guje, ba takalmi, ɗankwali a hannu. Ta iya wasa, wannan kam ba a magana. Ta ƙwalla ƙara ta ce, "Sun taso! Ga su nan da wuƙaƙe!"

A takarda, 'yan wasa uku ne za su miƙe daga cikin jama'a su ce, "Su wa?" daga nan gardama ta fara. Sun miƙe, na ga bakinsu yana motsi, amma ba wanda ya ji su. Kuma cikin mutanen nan duka babu wanda ya tambayi su wa. Kowa ya riga ya san su wa ne nasa "su".

Sai kowa ya miƙe a tare. Bencuna suka fara faɗuwa, waɗanda na jera a karkace, mutane suna tuntuɓe da su suna faɗawa kan juna. Duk aka nufi ƙofa ɗaya. Malamar da ta yi ihun ta ga taron ya yo kanta, ita ma ta juya ta fita a guje, wannan karon da gaske. Mutanen da ke kan titi kuwa abin da suka gani ke nan, mace ba ɗankwali ta fito tana gudu, mutum sama da ɗari suna binta.

Na hau benci ina ɗaga hannu ina cewa wasa ne, wasa ne, ku tsaya. Ko ni ban ji muryata ba. Wani ya ture bencin na faɗo, aka taka min hannu. Na yi ta ƙoƙarin kutsawa tsakiya inda na ajiye su Umma, taron yana mayar da ni baya. Na ji kukan jariri, na ji wata tana salati, wata tana kiran sunan Yesu, duk a wuri ɗaya.

Da ɗakin ya zama wayam, babu komai sai takalma da jakunkuna da mayafai a ƙasa. Na je inda su Umma suka zauna. Sandarta na gani a ƙarƙashin benci, ita ba ta nan, Mama ma ba ta nan. Na ɗauki sandar na fita.

Abin da na tarar a waje ya fi na ciki muni. Ƙofofin shaguna na ƙarfe ake bugawa ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen titi. Masu keke suna juyawa a tsakiyar hanya suna barin fasinja. Wata mai gasa masara ta bar murhunta ya kife, garwashi yana hayaƙi a cikin ruwan da ya kwanta. Mutanen da ɗazu suke zaune benci ɗaya suna ba juna gyaɗa sun rabu biyu, kowa ya tsallaka ɓangarensu, ba tare da wani ya ce musu su yi haka ba.

Wayata ta yi ƙara. Ƙanwata ce daga gida, can wani gefen gari.

"Yaya, kuna ina? An ce an fara a Congo, wai an kashe mutum uku."

Ba a yi minti goma sha biyar ba da cire hulata.

"Ba a kashe kowa ba," na ce. "Wa ya gaya miki?"

"Kowa yana faɗa. Ana ta ɗebo yara daga Islamiyya. Ba ni Umma."

Na ce zan kira ta, na kashe wayar. A nan ne tsoro na gaske ya shige ni. Na san garinmu. Na san abin da ake cewa "an fara" yake iya zama kafin rana ta faɗi, kuma na san idan ya zama, ni na fara shi, da biro, a kan teburin ɗakina.

Ina tsaye sai na ji motsi a bayana. Abokina ne ya fito daga ɗan ɗakin ajiya da yake jiran lokacin shigowarsa. Na manta da shi kwata-kwata. Shi ne zai fito a mutumin da aka fasa wa kai, don haka farar rigarsa da goshinsa da wuyansa duk mun shafe su da zoɓon da aka kaurara da sitaci. A wurin gwaji muna yaba yadda ya yi kama da jini. Yanzu yana tsaye a bakin ƙofa, a gaban titi.

Na tura shi ciki da ƙarfi, amma an riga an gan shi. Na ji wata murya daga tsallake tana cewa ga wani can an sare shi.

Abokina ya fara kiciniyar cire rigar. Abin ya ratsa har singileti. Muka ruga wurin famfon da ke bayan ɗakin, babu ruwa. Bai ce min "ai na gaya maka" ba. Da ya faɗa da na fi jin sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Matata tana shago ita kaɗai."

Na leƙa ta taga. A bakin lungun dama samari sun taru, sun kai ashirin, wasu da gora, wasu da duwatsu. A hagu ma haka. Tsakiyar titin babu kowa. Ba wanda ya matso, ba wanda ya koma, kowane ɓangare yana kallon ɗayan yana jira. Na taɓa jin manya suna cewa wannan tsayuwar ta fi komai haɗari, ranar na gane dalili. Dutse ɗaya ya rage.

Sai ga wani tsoho ya fito daga shagon da ke kallon ɗakin taron. Tela ne, tef ɗin awo yana rataye a wuyansa, shagonsa ne kaɗai ba a rufe ba. A wurinsa muka ari bencuna shida da safe. Ya tsallako titin a hankali, kamar mai zuwa masallaci, ya shigo ya dube ni.

"Kai ne mai wasan?"

"Ni ne, Baba."

"Wa aka kashe?"

"Ba kowa."

"Su wa suka taso?"

"Ba kowa, Baba. Ni na rubuta."

Tsohon ya juya ga abokina, ya dube shi daga sama har ƙasa, ya ce mu fita mu faɗa wa mutane da bakinmu.

"Baba, idan na fita a haka..." in ji abokina.

"Idan ka ɓuya, kafin magariba ka zama gawa a bakin mutane, har da sunan wanda ya kashe ka. Gara su gan ka a tsaye."

Akwai 'yar lasifikar hannu da muka yi tallar wasan da ita. Ya ce in ɗauka. Ya kama hannun abokina da damansa, ya kama nawa da hagunsa, ya ja mu zuwa tsakiyar titi. Tafiyar ba ta fi taku talatin ba, amma ban taɓa yin mai nisanta ba. Ina jin idanun mutane daga gefe biyu. Bayana yana ta tsammanin saukar wani abu.

Na ɗaga lasifikar. Ni da na ƙi a yi sanarwa ta kalma biyar a bakin ƙofa, ga ni ina yin ta a tsakiyar titi. Na ce jama'a ku yi haƙuri, wasan kwaikwayo ne, babu abin da ya faru, laifina ne.

"Ƙarya ne," wani ya ce daga hagu. "Jinin mene ne a jikinsa?"

Daga dama wani ya ba shi amsa da zagi. Sai dutse ya sauka kusa da mu, ya fantsama ruwa a wandona. Ban san daga wane ɓangare ya zo ba, har yau ban sani ba. Na ji gefe biyun sun motsa a tare. Abokina ya runtse ido.

Tsohon nan bai ko waiwaya ba. Ya saki hannuna, ya lakato abin da ke goshin abokina da yatsa, ya ɗaga yatsan sama kowa ya gani, ya sa a baki.

"Zoɓo ne," ya ce. Ya karɓi lasifikar daga hannuna ya maimaita. Sannan ya nuna wani saurayi a dama, mai riƙe da gora. "Kai, ni na ɗinka wa ubanka rigar aurensa. Ajiye wannan ka zo." Ya juya hagu ya nuna wani. "Kai ma na san uwarka, wandon makarantarka yana shagona ba ta karɓa ba. Zo."

Suka zo suna jan ƙafa, kowa yana harar ɗan'uwansa. Na dama ya shinshina rigar. Na hagu ya taɓa ya lasa, ya yamutsa fuska, ya juya ga mutanensa ya ce musu zoɓo ne da Turancin buroka, "Na zobo. Har da citta a ciki."

Wani ya yi dariya, ban san wa ba. Sai wasu suka kama. Ba dariyar jin daɗi ba ce, ta mutanen da numfashinsu ya dawo ce. Aka fara zubar da duwatsu. Daga nan zagi ya biyo baya, daga gefe biyun, kuma duk ni ake zagi. Wannan ne karo na farko a ranar da bakinsu ya zo ɗaya. Wani magidanci da aka ture masa mata ya zo ya sharara min mari, ban ko ɗaga hannu ba.

Ana buɗe shaguna ina bi ɗaya bayan ɗaya da sandar Umma a hannuna. A wani shagon magani aka ɗaga ƙofa mutane suka fito, Umma ce ta ƙarshe, wata budurwa mai sarƙar gicciye a wuya tana tallafe da ita. Yarinyar ce ta tsince ta a ƙasa a bakin matakala ta ja ta ciki. Zanin Umma ya yi laka, leɓenta ya fashe. Ta karɓi sandarta ba ta dube ni ba. Tambaya ɗaya ta yi.

"Ina Madam?"

Daga baya muka ji cewa Mama ta faɗi ne a bakin kwalbati, wuyan hannunta ya karye, wani ya sa ta a keke zuwa asibiti. Wani mutum kuma ya fasa goshi a jikin ƙofa, sauran ƙujewa ce da targaɗe. Ba a rasa rai ba. Jami'an tsaro sun zo, na yi bayani sau uku na kuma rubuta shi, tsohon tela da mai unguwa suka tsaya min aka sake ni. A makaranta an ba ni takardar gargaɗi. Duk wannan bai dame ni ba kamar shirun da Umma ta yi min. Sati guda idan na gaishe ta amsawa kawai take yi.

Na je duba Mama a gidanta a Tudun Wada. Tana zaune hannunta a ɗaure, na durƙusa ina ba ta haƙuri. Ta ƙi kallona.

"Ɗana, ba hannu ne yana damuna ba," ta ce. "Ina riƙe da mamanka. Da yarinyan nan ya yi ihu, ban san lokacin da na sake shi ba. Na san ba ya iya gudu. Na sani. Amma na sake shi na tafi." Ta share ido da bakin zani. "Shekara talatin. Kai ka yi wasa, ni kuma na ga kaina."

Hannun ya warke, amma Mama ta daina zuwa gidanmu. Shagon ma 'yarta ta riƙa turowa. Idan Umma ta kira ba ta ɗauka. Aka yi wata biyu haka.

Wata Lahadi da rana Umma ta ce in samo keke in kai ta Tudun Wada. Keke ba ya kai wa ƙofar gidan, sai an hau wata 'yar gangara mai duwatsu. Ta hau ta da sandarta, tana tsayawa tana hutawa, ta ƙi in riƙe ta. Mama tana tsakar gida tana tsince wake, tana ganinmu ta miƙe, tiren ya kusa kifewa.

"Madam, zare na zo saya," in ji Umma. "'Yarki ba ta san kalar da nake so ba."

"Hajiya..." Mama ta fara, sai kuka ya ƙwace mata.

"Ke rufa min asiri, ba ni kujera. A kan wannan kike gudu na? Ai da gwiwata lafiya take, ƙeyata kawai za ki hango. Sa'a kika yi ni gurguwa ce."

Mama ta yi dariya cikin kuka. Suka zauna suka gama tsince waken tare, suka haɗu suka yi min tatas, har da gemun. Ni kuwa ina gefe ina murna an wuce wurin.

A hanyar komawa, muna bayan keke, Umma tana kallon waje. Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ƙarya na yi mata."

"Wace ƙarya, Umma?"

"Da ni ce ba zan sake ta ba. Ko zan saki, ban sani ba, ba a gwada ni ba. Amma na ji lokacin da hannunta ya fita daga nawa, kuma ya yi min ciwo fiye da faɗuwar." Ta gyara mayafinta. "Sai dai ba ita ta jawo ba. Kowa da abin da tsoro zai fitar daga cikinsa. Mun zauna shekara talatin ba mu san namu ba, kuma lafiya lau muke. Kai wa ya aike ka ka tono?"

Tun daga ranar ban sake ganin 'yan kallo a matsayin kayan aikina ba. Da can idan ina rubutu, su ma kamar bencuna ne a wurina, in juya su yadda na ga dama don tsarina ya fito. Ban daina gwaje-gwaje ba, har yanzu ina rubuta wasannin da ba sa tafiya a miƙe, kuma ina ganin akwai labarin da ba ya faɗuwa daidai sai an birkita shi. Amma na gane cewa mutumin da ya zo kallo ya zo ne da duk abin da ya taɓa samunsa a garin nan, kuma ni ban san ko rabinsa ba. Idan zan taɓa wurin, sai da saninsa. Abokina muna tare har yau, shi ke karanta duk abin da na rubuta kafin kowa, kuma idan ya ce a'a, a'a ce.

Tsoron kuwa bai gama barina ba. Wani lokaci ina tsakiyar aji ko ina cikin sahu sai tunanin ya zo min, da dutsen nan ya sami kan wani fa?

Maganar da Umma ta yi a keke ba ta taɓa maimaita ta ba, ni ma ban taɓa faɗa wa kowa ba. Sun ci gaba da zamansu kamar da, har Mama ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba. Umma ce ta yi jinyarta a kwanakin ƙarshe, ita ke ba ta kunu a baki. Mama ta tafi tana ganin ƙawarta ba ta taɓa riƙe abin a rai ba. Da tana raye da ban rubuta wannan ba.